Cutar ALS: A faɗa wa majinyata gaskiyar abin da magani zai iya yi

A watan Afrilun 2024 kamfanin Amylyx ya janye maganinsa mai suna Relyvrio daga kasuwar Amurka, tun bai cika shekara biyu da samun izini ba. An yi ta sayar da shi ga masu cutar ALS a kan kusan dala 158,000 a shekara. Da aka kammala babban gwaji a kan mutum 664, sai aka ga bai fi ƙwayar da ba ta da magani a ciki amfani ba.

ALS cuta ce da ke kashe jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. Takan fara da raunin hannu ko ƙafa, ko nauyin harshe, sannan haɗiya ta gagara, daga ƙarshe numfashi. Akasarin masu ita sukan rasu cikin shekara biyu zuwa biyar. Masanin kimiyyar nan Stephen Hawking, da ya haura shekara 50 da ita, ba kasafai ake samun irinsa ba.

Wanda ke cikin wannan hali ba zai iya jiran dogon bincike ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Matsin lambar majinyata na cikin abin da ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Relyvrio a 2022 bisa ƙaramin gwaji na mutum 137, bayan kwamitin masananta ya ƙi da farko, sannan ya sake zama ya yarda. Kamfanin ya yi alkawarin janyewa idan babban gwajin ya gaza, kuma ya cika, wannan abin a yaba ne. Amma kuɗin da aka kashe ba su dawo ba, haka ma watannin da aka yi ana sa rai.

To, me ya rage? Riluzole, wanda aka amince da shi tun 1995, shi ne mafi ƙarfin hujja. Ƙwaya ce da ake sha sau biyu a rana, ana lura da lafiyar hanta, kuma abin da take ƙarawa a matsakaici wata biyu zuwa uku ne. Edaravone ya samu izini a Japan a 2015, a Amurka a 2017, amma har yau likitoci na jayayya kan girman amfaninsa. Tofersen, da ya fito a 2023, ana yin allurarsa ta gadon baya, kuma na masu matsalar ƙwayar halittar gado ta SOD1 ne kawai, wato kimanin kashi 2 cikin 100 na majinyata. Babu ɗaya da ke warkarwa.

Wannan ne ya kamata likita ya faɗa wa iyali ƙarara tun ranar farko. A nan wajenmu, inda raunin gaɓa kan sa a fara zargin sammu, rashin wannan bayani shi ke sa a sayar da gona ko gida a bi masu tallar waraka a intanet.

Abin da ba a cika tallatawa ba shi ne na'urar taimaka wa numfashi da ake sawa a fuska da dare. Bincike ya nuna tana ƙara wa majinyata da dama watannin da suka fi na riluzole, ga barci mai daɗi. Haka ma bututun ciyarwa idan haɗiya ta yi wuya, da gashin ƙashi, da maganin rage dalalar miyau. A ganinmu nan ya kamata iyali su fara zuba ɗan abin da suke da shi, asibitocin koyarwa kuma su tanadi riluzole da waɗannan na'urori. Kuma tunda na'urar ba ta aiki sai da wuta, duk wanda zai saya ya sa kuɗin batir ko sola a cikin lissafi.