Kafin Keken Lantarki Ya Iso Ƙofar Wambai

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Wambai ta birnin Bauchi da hantsi zai ga Keke Napep suna kai da kawo, wasu sun nufi Kasuwar Wunti, wasu Muda Lawal, wasu kuma har Yalwa. Akasarin matuƙan nan ba su ne masu keken ba. Kowane da yamma sai ya kai wa mai keke balas, sa'an nan abin da ya rage shi ne na cefane. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, gidan mai ya zama abokin rabo na uku. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Watau a lokacin, kowace lita biyar da keke ya sha, naira dubu biyar ce ta fita daga aljihun matuƙi.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da maganar ababan hawa masu aiki da lantarki ta shiga bakin jama'a. A Maiduguri, wani matashi mai suna Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin bas yana sa musu batir, kuma a watan Disamba na 2023 Gwamnatin Jihar Barno ta ƙaddamar da motocin haya masu aiki da lantarki da iskar gas. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sayen keke ko mota shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne wurin da za su sha wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An fara gwadawa. A 2021 hukumar tsara ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Yunƙuri ne mai kyau, sai dai harabar jami'a wurin nazari ce, ba tashar mota ba. Tashar caji tana mayar da kuɗinta ne idan ba ta hutawa, kuma babu mai hana ta hutu kamar abin hawan haya. Motar gida takan wuni a ajiye. Keken haya kuwa hanyarsa sananniya ce, matsayarsa sananniya ce, kullum sai ya dawo wuri guda sau da dama. Na'urar da keke hamsin suke amfani da ita a yini, tsadarta ta rabu gida hamsin.

To, amma wace irin tasha? A nan ne ya kamata a yi hattara. Cika batir ta hanyar jona shi da wuta yakan ɗauki sa'o'i, matuƙin da balas ke jiransa kuwa ba shi da sa'o'in zama. Dabarar da masu baburan haya suke amfani da ita a Kigali ta ƙasar Ruwanda, da Kwatano da Lome, ita ce musanya: matuƙi ya kawo batir da ya yi sanyi, a ba shi cikakke, ya biya kuɗin wutar, cikin 'yan mintoci ya kama hanya. Fa'idar farko a fili take. Ta biyu ta fi ta girma, domin batir shi ne mafi tsada a jikin keken lantarki. Idan na tashar ne, kuɗin sayen keken ya ragu ƙwarai, kuma ranar da batir ya tsufa ba matuƙi ne zai kwana da zullumi ba. Har ila yau, zafi yana rage wa batir kwana, kuma kowa ya san yadda Maris da Afrilu suke a Bauchi. Batirin da ake cikawa a inuwa, a hannun wanda ya san aikin, ya fi wanda aka jona da tsohuwar waya a zauren gida, kusa da tabarma da yara.

Sauran magana ita ce wutar kanta. Mutanen Bauchi ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Da a ce kekunan garin sun dogara ga wannan layi kaɗai, da sufuri ya tsaya cak tare da injin niƙa da na walda. Lalle ne tashar ta kasance da faifan sola nata. Nan ma musanya ta dace, gama batiran da ke kan kanta suna shan rana a daidai lokacin da kekunan suke kan titi suna neman kuɗi. Ƙurar hunturu za ta buƙaci mai share faifan kullum, hadarin Agusta kuma zai sa a nemi taimakon babban layi.

Manyan motocin Yankari Express masu zuwa Jos da Kano da Gwambe nasu lissafin daban ne, sai an kafa tasha a can a kafa a nan, kuma wannan ba aikin bana ba ne. A fara da keke.

Cikin ganuwa fili ya yi wuya, don haka abin da ake buƙata daga gwamnatin jiha, kafin bikin yanke ƙyalle, shi ne ta keɓe filaye a bakin ƙofofi irin su Wambai da Wunti da Ran, ta kuma zauna da ƙungiyar matuƙa, tun da su suka san inda fasinja yake. Kuma duk kamfanin da za a ba fili, a sa masa sharaɗi a rubuce cewa batirinsa zai shiga keken wani kamfanin. In ba haka ba, matuƙin da ya karɓi keke bashi zai tarar tasha ɗaya tak ce za ta iya sayar masa da wuta, kuma ita ce za ta yanka farashi.