Liyafar Kallon Ƙwallo a Cikin Birni

Idan magidanci a cikin birnin Kano ya tara maƙwabta a zaurensa domin kallon wasan Kano Pillars, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar Nijeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, a ganina ba sai ya ci bashi ba kafin ya sauke haƙƙin baƙunci, domin shari'a ta hana israfi kamar yadda ta zargi rowa, kuma gurasar Jakara, in an yayyafa mata ruwa an barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa, tana ƙosar da jama'a da kuɗi ƙalilan. A ƙara da ɗanwake, a sayo zoɓo a Kasuwar Rimi tun da hantsi, a dafa shi da citta da kanumfari, sannan a kwashe kwanuka kafin ladan ya kira magariba.