A Ajiye Jininmu a Gumel

Jikin mutum yana ƙera wata iska, naitirik oksaid, mai sassauta jijiyoyi don jini ya wuce. Gano aikinta ne ya ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Ni dai ciwon sikila ne ya sa zancen ya dame ni: idan ƙwayoyin jinin mai sikila suka farfashe, abin da ya tsiyayo daga cikinsu yakan cinye iskar, jijiyoyi su tsuke.

Auna ta sai da dabara, domin kafin ƙiftawar ido ta ɓace. Sauranta ake bi da gwajin Griess: a ɗiga sinadari, samfurin ya koma ruwan hoda, na'ura ta karanta kaurin launin. Amma sai an ware ruwan jinin nan take an daskarar. Jinin da aka ɗiba a Maigatari ko Sule Tankarkar cikin zafin Afrilu, aka sa a mota sai Kano, yana iya ba da amsar ƙarya. Ko miyar alayyafon da mutum ya sha jiya tana ɗaga sakamakon, shi ya sa dole a tambaye shi abin da ya ci da Hausa.

Don haka ya kamata Gwamnatin Jigawa ta sa injin ware jini da firiza mai sola a Babban Asibitin Gumel, masu bincike daga Jami'ar Tarayya ta Dutse su riƙa ɗaukar samfuran daga nan.