Aikin Da 'Yan Jarida Suka Bari, Mai Barkwanci Ya Ɗauka

A ƙasar Amurka akwai wani shiri na talabijin da a ke kira The Daily Show, wanda tashar Comedy Central ta ke watsawa daga birnin Niyok da ƙarfe 11 na dare, tun daga Litinin har Alhamis, na tsawon rabin sa'a. Baƙon da ya leƙa sai ya zaci labarun duniya a ke karantawa, gama ga mutum nan sanye da kwat yana zaune bayan tebur, ga kuma wakilai da a ke cewa suna magana daga garuruwa masu nisa, alhali kuwa suna nan tsaye cikin ɗakin. Duk wasa ne, ana kwaikwayon masu karanta labarai don a yi musu ba'a, su da shugabannin da su ke ba da labarinsu. Muna so mu jawo hankalin masu karatu ga wannan shiri, musamman akawuna da malaman makaranta, domin akwai abin lura a cikinsa wanda ya wuce dariya.

An fara shirin a shekarar 1996, amma sunansa bai fito sosai ba sai da Jon Stewart ya karɓi tebur a watan Janairu na 1999. Ya riƙe shi har 2015, sa'an nan Trevor Noah, mutumin Afirka ta Kudu, ya gaje shi har ƙarshen 2022. A 2024 Stewart ya komo yana gabatar da shirin ran Litinin kaɗai. Dabarar da ta ɗaukaka su mai sauƙin bayani ce. Suna da ma'aikata waɗanda ba su da aiki sai kallon labarun tashoshi da ajiye su. In wani shugaba ya faɗi magana yau, sai su tono wadda ya faɗa bara, su jera su kusa da juna, su bar mai kallo ya yanke hukunci da kansa.

Ga misali. A 2003, lokacin yaƙin Iraƙi, sun haɗa muhawara tsakanin mutum biyu, watau Gwamna Bush na 2000 da Shugaba Bush na 2003, alhali mutum ɗaya ne. Gwamnan, sa'ad da ya ke neman ƙuri'a, ya ce bai kamata a yi amfani da sojan Amurka wajen gina wa waɗansu ƙasashe mulki ba. Shugaban kuwa ga shi ya aika da soja su kawar da mulkin Bagadaza. Ba su ƙara masa ko kalma ɗaya ba, bakinsa ne ya kama bakinsa. Magana dai zarar bunu ce, balle a zamanin da na'ura ta ke riƙe ta.

To, abin tambaya shi ne, me ya hana manyan gidajen labarai yin wannan aiki? Suna da kuɗi, suna da ɗakunan ajiya da suka fi na masu barkwanci girma. Abin da ya hana su shi ne sun saba ɗauko maganar wancan ɓangare da ta wannan su ajiye, su ce sun yi adalci, ba su binciki wadda ta ke gaskiya ba. Suna kuma tsoron kada manya su hana su shiga fada. A watan Oktoba na 2004 Stewart ya je baƙunci wani shiri na CNN mai suna Crossfire, inda a ke zaunar da 'yan jam'iyyu biyu suna ta gardama, ya gaya wa masu shirin a gaban idonsu cewa hayaniyarsu tana cutar ƙasa. A Janairu na 2005 tashar ta ba da sanarwar rufe shirin, shugabanta kuma ya ce ya yarda da asalin maganar Stewart. A watan Maris na 2009 kuma ya zaunar da Jim Cramer na tashar CNBC, ya tambaye shi yadda aka yi masu ba da labarin kasuwa suka yi ta yabon manyan kamfanonin kuɗi har suka durƙushe a 2008, dukiyar talakawa ta salwanta.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne batun 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da sauran ma'aikatan da suka yi aikin ceto bayan harin 11 ga Satumba 2001. Ƙurar da suka shaƙa a kangon ginin ta sa wa da yawa cikinsu ciwon huhu da sankara. Dokar da za ta biya musu kuɗin magani ta maƙale a Majalisar Dattawa a watan Disamba na 2010, manyan tashoshi kuwa ba su mai da hankali ba. Ran 16 ga watan Stewart ya ba da shirinsa duka ga wannan magana, ya zaunar da mutum huɗu daga cikin ma'aikatan suka faɗi halin da su ke ciki. Ran 22 ga watan Majalisa ta amince da dokar, ta fiye da dala miliyan 4,000, Shugaba Obama kuma ya sa hannu ran 2 ga Janairu 2011. Akwai 'yan majalisa da ƙungiyoyin ma'aikata da suka daɗe suna fama a kan dokar, kada a hana su hakkinsu. Amma kunyar da aka ba Majalisa a daren nan ta taimaka ƙwarai.

Ko da ya ke mun yaba, wajibi ne mu yi gargaɗi. Wani bincike na cibiyar Pew a farkon 2004 ya nuna kashi 21 cikin 100 na matasan Amurka 'yan ƙasa da shekara 30 suna samun labarin zaɓe a kai a kai daga shirye-shiryen barkwanci. Wannan abin damuwa ne. Mai barkwanci yakan zaɓi abin da zai ba da dariya, ya bar wanda ba zai bayar ba, kasafin kuɗi kuwa da dokar haraji ba safai su ke ba da dariya ba. Almakashin da ya ke tona asirin maƙaryaci, shi ne kuma zai iya yanke maganar mai gaskiya ta fito a karkace. Ban da haka, masu kallon shirin galibi masu ra'ayi ɗaya ne, sun fi karkata ga jam'iyyar Dimokurat, kowa kuwa yana jin daɗin a yi wa abokin hamayyarsa ba'a. Mafi hatsari shi ne yaro ya tashi da zaton cewa duk mai riƙe da muƙami ɓarawo ne ko wawa. Wanda ya ɗauki wannan ra'ayi ba zai fita jefa ƙuri'a ba, ba kuwa zai yarda ya yi wa jama'a aiki ba. Shi kansa Stewart ya sha faɗi cewa shi mai barkwanci ne, kada a ɗora masa nauyin ɗan jarida.

Ga shugabanni kuma akwai darasi daga Masar. A 2011 wani likitan zuciya, Basim Yusuf, ya kwaikwayi wannan salo da Larabci, har shirinsa ya game ƙasar. A 2013 aka kira shi gaban mai gabatar da ƙara bisa zargin cin mutuncin Shugaba Mursi, a 2014 kuma ya rufe shirin, ya ce yanayin ƙasar bai bar masa wuri ba. Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan al'amari, gama sarakunanmu na da sun ajiye wawan sarki a fada, suna barinsa ya faɗi abin da fadawa ba su iya faɗa. Sun gane cewa mai mulkin da ya toshe bakin mai ba'a ya rasa wani kunne da ya ke jin talakawa da shi.

Saboda haka, malaman makaranta, tun da guntayen irin wannan shiri suna iso wa ɗalibanku ta wayar hannu, ku koya musu dabarar da ke ƙarƙashin dariyar. Ku ba su jawabin wani shugaba na bara da na bana su gwada, ku koya musu tambaya: wa ya faɗa, yaushe, me kuma aka yanke daga ciki? Akawuna, ku tuna ƙarfin wannan shiri duka daga ajiya mai kyau ya fito, fayil ɗin da kuka adana da kwanan watansa shi ne zai raba gardama gobe. Gidajen jarida kuwa, na gwamnati da na 'yan kasuwa, har da wadda ke hannunku, aikin auna maganar manya da ayyukansu nasu ne tun asali, in sun bar shi wani zai ɗauka. Allah ya ba mu shugabanni masu jure wa gaskiya, da masu labarai masu iya faɗarta.