Zaɓen 1993: Yadda NRC ta tsayar da wanda magoya baya ba su sa rai ba

A shekarar 1992 garin Shinkafi yana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, inda jam'iyyar NRC ta masu ra'ayin mazan jiya take da rinjaye. Ɗan garin, Alhaji Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato kuma tsohon shugaban hukumar tsaro ta NSO, shi da Malam Adamu Ciroma ne ke kan gaba a zaɓen fidda ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar.

Sai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen bisa zargin maguɗi, ta kuma haramta wa masu neman takara 23 na NRC da SDP sake tsayawa. A babban taron da aka yi a Fatakwal a watan Maris na 1993, Alhaji Bashir Tofa, ɗan kasuwa daga Kano, ya samu tikitin.

To sai dai magoya bayan NRC a Arewa sun saba bin jagoran da suka sani, wanda sarakuna da attajirai suka tsaya masa, kuma Tofa bai kai waɗancan biyun tasiri ba.

Ranar 12 ga watan Yuni, jihar Sakkwato ta riƙe amanar jam'iyya ta zaɓi Tofa, amma Cif Moshood Abiola na SDP ya kayar da shi a jiharsa ta Kano. Kimanin mutane miliyan 14 ne kawai suka kaɗa ƙuri'a cikin miliyan 39 da suka yi rajista, ko da yake umarnin kotu na hana zaɓen, gab da ranar, shi ma ya sanyaya gwiwar jama'a.