Kowane Aiki Da Fangalinsa: Shawara Ga Marubutan Da Suka Fara Python



Wasunmu sun fara koyon Python domin ayyukan da ke cin lokaci: ƙirga kalmomin littafi, gano inda aka rubuta k a wurin ƙ, ko jera sunayen kifi da ake ji a bakin masunta daga Yelwa zuwa Warra. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya kama wannan hanya ya keɓe wa kowane aiki muhallinsa tun ranar farko, kuma ya riƙa sarrafa shi daga cikin manhajar da yake rubutu da ita.

Ga dalili. Yawancin shirye-shiryen Python suna dogara ne da ƙunshin manhajar da wasu suka rubuta. Idan ka zuba su duka wuri ɗaya a kwamfuta, ranar da sabon aiki ya sabunta wani ƙunshi, tsohon aikin da ya saba da na da yana iya tsayawa cak. Manomin albasa a Yauri ya san wannan: kowane fangali da gefensa, ruwan wannan ba ya ɓalle wa wancan.

Maganin ba sabo ba ne. Ian Bicking ya fitar da virtualenv a 2007, sannan venv ya shigo cikin Python 3.3 a 2012. Umarni ɗaya ne a cikin foldar aikinka: python -m venv .venv. Daga nan abin da ka saka a ciki na wannan aikin ne kaɗai.

To me ya kawo manhajar rubutu? Saboda kuskuren sabon shiga shi ne ya ƙirƙiri muhallin, ya manta bai kunna shi ba. A VS Code, bayan ka saka ƙarin Python, danna Ctrl+Shift+P ka zaɓi Python: Select Interpreter, ka nuna masa .venv ɗinka. Zai riƙe zaɓin ga wannan folda, ya nuna sunan a ƙasan allo. Masu Emacs suna da pyvenv. Abin da ido ke gani ba a cika mantawa da shi ba.

Wani zai ce data da tsada, ga wuta ba tabbas, don me zai sauke abu ɗaya sau biyu? Maganarsa abin dubawa ce. Sai dai pip yana ajiye abin da ya taɓa saukewa, yakan ɗauko daga nan. Kuma wanda komai ya rikice masa ya koma farko, shi ya fi ƙona data.

Abubuwa biyu a kiyaye. Kada ka ajiye rubutunka cikin .venv, domin folda ce da ake gogewa a sake ginawa. Sannan ka yi pip freeze > requirements.txt, ka adana fayil ɗin tare da aikin. Da shi abokinka a Birnin Kebbi ko Sakkwato zai gina irin muhallinka.

Ba ƙyale-ƙyale ba ne. An kammala dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibiran Gungawa, aka sake wa jama'a matsuguni. Waɗanda suka yi wayo a tsibiran nan yau dattawa ne. Mai tattara labaransu, ko kalmomin Gunganci da Shanganci, yana aikin da ba lallai ya samu damar maimaitawa ba. Bai kamata bayan shekara biyar kayan aikinsa su ƙi tashi don wani ƙunshi ya sauya ba.

A gwada a wannan makon, ko da ƙaramin aiki ne. Allah ya ƙara basira.