Kafin a sake sayen jiragen yaƙi daga Sin

Tun watan Mayun 2025, da Pakistan ta ce jiragenta samfurin J-10C sun kakkaɓo jiragen yaƙin Indiya, har da Rafale ƙirar Faransa, sunan jiragen Sin bai fita daga bakin jama'a ba. Ko a nan Tamanrasset, inda sojan Aljeriya suka fi dogara da jiragen Rasha, za ka ji matasa a majalisar shayi suna cewa lokaci ya yi da ƙasashenmu za su juya ga Beijin. Mu dai muna ganin a fara waiwayar Nijeriya, wadda ta riga ta taɓa wannan ciniki.

A 2005 ne gwamnatin Obasanjo ta ƙulla yarjejeniyar sayen jirage 15 samfurin F-7, 12 na yaƙi, 3 na horo, a kan kimanin dala miliyan 250. Sai wajen 2010 suka gama isowa. Abin da ba a cika faɗa wa talaka ba shi ne, F-7 jikan MiG-21 ne na Tarayyar Sobiyet, wanda aka zana tun shekarun 1950. Sin ta kwaikwaye shi, nata ya fara tashi a 1966, ta yi ta yi masa kwaskwarima: sabon fiffike, sabuwar na'urar hangen nesa, sababbin makamai. Amma ko an sake wa tsohuwar mota fenti da fitila, ƙashinta na nan yadda yake. A 2013 masana'antar Chengdu ta daina ƙera shi baki ɗaya, wato shekara uku kacal bayan Nijeriya ta karɓi nata.

Daga nan sai asara ta biyo baya. Ɗaya ya faɗi a Kano a 2011, wani a Adamawa a 2015, biyu suka yi karo a Katampe ta Abuja a watan Satumbar 2018 suna atisayen bikin 'yancin kai, wani kuma a Makurdi a 2023. Allah ya jiƙan matuƙan da suka rasu. Ba mu ce duk laifin jirgin ba ne. Sai dai duk wanda ya faɗi ba shi da sabon madadi, waɗanda suka saura kuwa a 2020 rundunar ta ce za a kwance wasunsu a kai Sin don a ƙara musu kwana.

Akwai kuma batun dacewa. An ƙera F-7 ne don ya tare jirgin abokan gaba a sama cikin tsananin gudu. Wanda ke kashe 'yan'uwanmu a Zamfara da kan iyakar Maraɗi kuwa a babur yake yawo, ya ɓuya cikin daji. Shi ya sa a 2021 Nijeriya ta karɓi Super Tucano 12 masu tafiya a hankali, a shekarar da ta ƙaddamar da JF-17 guda uku na haɗin gwiwar Sin da Pakistan. Uku! Idan ɗaya na wurin gyara, ɗaya na horo, saura nawa?

Muna kira ga hukumomin Abuja da Yamai, duk ranar da dillalan makamai suka zo da hoton sabon jirgi, a sa su rubuta a takarda shekara nawa masana'anta za ta ci gaba da ba da kayan gyara, makanikai nawa za a horar a gida, da abin da awa ɗaya a sama za ta ci daga baitulmali. A kuma karanta wa jama'a amsar kafin a sa hannu.